Kwalbar da Baffa Sani Ya Kawo

Kun daɗe kuna jin ana cewa fitilar uwarku ce ta yi ƙarya har kakanku ya mutu. Ba a faɗa a gabanku ƙiri-ƙiri ba, amma kun ji, domin ina lura da yadda kuke sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci rasuwarsa a gidan suna ko gidan biki. Ban taɓa kare kaina ba, na kuma san wasunku sun ɗauki shiruna a kan amsa laifi ne. To, Baffa Sani ya rasu da azumin bana, Allah ya jiƙansa, kuma da rasuwarsa alkawarin da ya ɗaure mini baki ya kwance. Zan faɗa muku abin da ya faru a waccan shekarar yadda ya faru, har da nawa kason laifin, don yana nan kuma ba ƙarami ba ne.

Mu mahauta ne gaba da baya, a nan Talatar Mafara. Baba shi ke bin kasuwanni yana sayen shanu, yau Damri, gobe Janbako, wani lokaci har Damaga, a zamanin da mutum ke bin hanyar Maradun ba ya waige. Ƙanensa Baffa Sani, wanda ya ba shekara goma, shi ke tsaya masa a kwata, tare suke yanka tare suke fiɗa. Ni ce 'yar fari a gidan, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a wajen mutanen da. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, “wagga” yake ce mini. Ba ya yi mini magana kai tsaye. In muna zaune mu uku sai ya gaya wa na ukun abin da yake so in ji, in kuwa mu biyu ne kawai sai ya gaya wa bango. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Shi ne ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, a lokacin da dangi ke cewa 'yar mahauci ba ta da abin nema a boko. Kuma tun ina ƙarama, duk saniyar da ya yanka, ƙodarta ba ta sayarwa ba ce. Zai naɗe ta a takardar siminti ya miƙa wa Inna, ya ce a gasa wa wagga. Haka na ci ƙoda har ranar da aka kai ni ɗakin mijina.

Na yi shekara ashirin ina koyar da ilimin sinadarai a wata babbar makaranta a nan garin, sannan aka ba ni damar ƙaro karatu, ina da furfura a gefen kai. A can jami'a na faɗa hannun wani malami da ke aiki a kan abin da ni dai nake kira ruwan zinare. Zinaren da kuka sani, na ɗan kunne da sarƙa, sheƙi kawai yake yi in haske ya sauka a kansa. Amma in aka narkar da shi aka mayar da shi ƙanana ƙwarai, har kowane ɗan dunƙule bai wuce ƙwayoyin zarra ashirin da 'yan kai ba, sai halinsa ya sake. A ido ruwan launin shayi ne marar madara, ba abin burgewa. In ka sa shi a duhu ka haska masa irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake gane jabun kuɗi da ita, sai ya kama ci ja jawur kamar garwashi. Abin da ke riƙe 'yan dunƙulen kada su cure su koma zinare na yau da kullum wani farin gari ne da ake cirowa daga jinin shanu. Ana haɗa su a bar su rabin yini a ɗumi irin na jikin mutum.

Amfaninsa shi ne wannan. Ƙoda ba ta ihu in ta fara lalacewa, sai dai takan fara sakin wasu abubuwa cikin fitsari tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Mu kuma muna ƙoƙarin gyara ruwan zinaren ta yadda in ya haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa haskensa zai dushe. In fitsari lafiyayye ne, ja ya tsaya. In ƙoda ta taɓu, ja ya rage ko ya mutu. Burinmu a samu awo mai sauƙi da za a iya yi a ƙauye irin Damaga, inda zuwa babban asibiti ke cin yini guda. Malamin nawa mutum ne marar yawan magana, amma akwai abu ɗaya da yake maimaita mana har muka gaji da ji: wannan abu gwaji ne tukuna, bai zama awon asibiti ba, kada wanda ya kuskura ya ce wa wani kana da ciwo ko ba ka da ciwo da shi. Na ji da kunnena, na kuma rubuta a littafina.

A shekarar da nake ba ku labari na dawo gida in tattara fitsarin waɗanda suka yarda su bayar don gwaji. Ina da kusurwata a ɗakin gwajin makarantarmu, da firji mai aiki da hasken rana, da wani kwalin sabulu da na shafe cikinsa da baƙin fenti na huda masa kafar leƙe. Wata rana bayan la'asar na je gaida su Inna, na tarar da Baba da Baffa Sani a tsakar gida suna wasa wuƙaƙe. Baffa, wanda shi ne abokin tsokanata tun ina yarinya, ya tambaye ni wai me nake dafawa a makaranta da ba a ci. Na yi masa bayani, ina ɗaga murya don wanda nake so ya ji ya ji. Da na zo kan garin jinin shanu sai Baba ya dakata da wasa wuƙa.

“Sani, tambayi wagga. Jinin da mu ka zubarwa karnuka na lasa, shi na anka haɗa da zinariya?”

“Shi ne, Baffa,” na ce, ina kallon Baffa Sani.

“To gaya mata mun daɗe muna zubar da arziki ba mu sani ba.”

Ya yi dariya har da tari. A ranar ne na lura ya take bayan takalminsa, ƙafar ta ƙi shiga.

Da na matsa wa Inna sai ta gaya mini abin ya kwana biyu. Da safe fuskarsa kan tashi a kumbure, sai rana ta yi ta saɓe. Ta ce in ya zaga bayan gida kumfa ke tsayawa a wurin kamar an zubar da ruwan wanki. Ga ciwon baya, wanda yake kashewa da ƙwayoyin kemis, uku da safe uku da yamma, ya bi su da jiƙo. Ƙanena Murtala, kawunku, wanda a lokacin shi ke tuƙa motar shanu, ya riga ya gani, har ya shirya zai kai shi babban asibiti a Sakkwato ranar Alhamis. Baba yana ta noƙewa, yana cewa tsayuwa ce ta yi masa yawa. Amma Murtala ya gaji taurin kansa, kuma da an bar su su biyu da ya kai shi.

Ni ce na shiga tsakani. Na ce a bari in fara aunawa, in an ga wani abu sai a tafi da hujja. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayin tsoho ne ya sa, kada a wahalar da shi a hanya a banza. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba. Na ji haushi a ce Murtala, wanda ko sakandare bai ƙare ba, shi ke yanke shawarar lafiya a gidan da nake. Kuma ina so, ko sau ɗaya, Baba ya ga karatun da ya tsaya mini a kai ya yi masa rana. Shekarata arba'in da bakwai a lokacin, amma a wannan wurin yarinya ce ni.

Na kawo 'yar kwalba mai jan murfi na ba Inna a ɗakinta. Na ce fitsarin farko nake so, na asuba, kafin ya ci komai. Ta dubi kwalbar, ta dube ni.

“Ke kina da hankali kuwa? Bawalin ubanki za ki riƙa da hannunki?”

“Inna, aiki ne. Na riƙe na mutum sama da ɗari.”

“Mutum ɗari ba su haihe ki ba. Ni dai ba ni iya kai mai wanga abu.”

Daga ƙarshe ta ce za ta ba Baffa Sani, shi ya san yadda zai yi da wansa. Na ce to, na tafi gida hankalina kwance. Ni da aka haifa a cikin wannan kunya, na girma a cikinta, har ina yi wa nawa ɗan farin irinta, ban tsaya na tambayi kaina ko mutumin da bai iya furta sunana ba zai iya aiko mini da fitsarinsa.

Washegari da hantsi Baffa Sani ya zo makaranta a kan babur, kai tsaye daga kwata, rigarsa duk jirwayen jini. Ya miƙo mini ƙunshin takardar siminti. Mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kajin gidanka, ranar ko kashe babur bai yi ba. Ya ce nama na jiransa, ya juya. Da na kwance takardar na ji kwalbar da ɗumi a tafin hannuna. Fitsarin asuba ba ya kai ƙarfe goma da ɗumi, ko ɗalibin aji ɗaya ya san wannan. Na girgiza ta, ban ga kumfar da Inna ta faɗa ba. Na ce a raina zafin babur ne ya ɗumama ta, kumfa kuma wataƙila tsohuwa ce ta ƙara gishiri. Na ɗiga a ruwan zinare, na sa a kwali, na kunna fitila, na kafa ido a kafar. Ja jawur. Na sake sau biyu, duk haka. Na ji wani daɗi ya cika mini ciki, na zuba ragowar a wata kwalba na sa a ƙanƙara yadda nake yi wa kowane, na ɗauki mayafina.

Na same su duka a gida. Na ce wa Baffa Sani, don Baba ya ji, ƙoda lafiya lau take, kumburin na tsayuwa ne, a rage gishiri a riƙa ɗora ƙafa a kan matashi. Baffa bai ɗago kai ba. Murtala ne ya yi magana.

“Yaya, ni ban san zinariya ba. Amma dubi ƙahwatai. Mu tahi dai likita shi gani.”

“Likitan ma abin da zai auna ke nan,” na ce. “Ko kana ganin ka fi ni sanin ƙoda?”

Ba gaskiya na faɗa ba, likita jini zai auna, na kuma sani. Baba ya gyara zama ya dubi bangon ɗakin Inna.

“Kun dai ji. Masu karatu sun yi magana. A bar zancen Sakkwato.”

Aka bar shi. Kashegari Baffa ya kawo mini ƙodar bijimi guda a takardar siminti, ya ce in ji Baba a ba wagga. Rabon da ya aiko mini tun kafin aurena. Na gasa ta da kaina, na hana kowa a gidan, har babanku ya yi ta yi mini tsiya. A lokacin na ɗauka yabo ne. Yanzu na fi zaton haƙuri yake ba ni.

Na koma jami'a, na rubuta sakamakonsa a layin masu lafiya. Wata bakwai aka yi. In na buga waya Inna ta ce ƙafa na nan yadda take, sai in ce a ƙara rage gishiri. Kwana uku bayan Babbar Sallah, lokacin da mahauta ba su da sukunin ko zama, Baba ya yanke jiki ya faɗi a kwata da wuƙa a hannu. Murtala ya sa shi a mota sai Sakkwato, ni kuma na iske su can washegari. Likitan ya nuna mana hoton ƙodojin, ya ce duk sun tsuke, wannan ba ciwon wata ɗaya ko biyu ba ne, ya yi shekaru yana cin su. Ya ce da an zo da wuri ba warkewa za a yi ba, amma da an tsayar da ƙwayoyin da yake sha, an kama hawan jininsa, da wataƙila an ja masa lokaci mai tsawo. Da muka fito baranda Murtala ya tsaya a gabana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

“Hitilarki ta ce lahiya lau. Ranar Alhamis na zuba mai a mota, kinka hana.”

Rabin maganarsa gaskiya ce tsantsa.

An sa wa Baba roba, ɗan abin da ƙodar ke iya fitarwa yana taruwa a wata jaka da ke rataye a gefen gado. Ana so a riƙa juye ta a kofin awo safe da yamma a gaya wa ma'aikata yawansa. Gwiwoyin Inna ba sa durƙuso, Murtala yana kai da kawo tsakanin Mafara da Sakkwato don kada sana'a ta tsaya, Baffa Sani kuma sai ranar da ba yanka yake zuwa. Saboda haka ni ce mai juyewa. Duk lokacin da na durƙusa gefen gadon sai Baba ya juya fuska ga bango ya ja zane ya rufe kansa. Kwana goma sha tara muna haka.

A kwana na biyar na ɗebi kaɗan na sa a kular ƙanƙara, na hau mota zuwa Mafara. Ina so in san ko ruwan zinarena ne makaho, don in haka ne in zubar da shi in huta. Na fito da ragowar kwalbar farko daga ƙanƙara, na jera su biyu a kwali, ruwa ɗaya, fitila ɗaya. Ta farko ta kama ja kamar ranar da aka kawo ta. Ta biyu ina ɗigawa hasken ya mutu, kamar an watsa wa garwashi ruwa. Na zauna a kan kujera. Likita ya ce ciwon shekaru ne, ke nan wata bakwai da suka wuce ma ƙodar a lalace take. Jiki ɗaya ba zai ba da waɗannan kwalabe biyu ba. Sai a lokacin ɗumin nan ya dawo mini a tafin hannu.

Na wuce kwata ban ko cire farar rigar aiki ba. Na tarar da Baffa Sani yana wanke wuƙaƙe, mutane sun watse. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambaye shi fitsarin wa ya kawo mini. Ya daɗe yana wanke wuƙar da ta riga ta fita.

“Nau na, Sa'a.”

Ya ajiye wuƙar ya ci gaba.

“Ubanki ya riƙe kwalbar nan tun asuba har munka gama hiɗa. Yac ce, Sani, ni ba ni iyawa. Ɗiyata ta hwari ta buɗe bawalina ta duba? Gara a binne ni. Yac ce in yi mashi. Ni ko nid duba, uwa ɗaya uba ɗaya muke, akushi ɗaya, sana'a ɗaya shekara arba'in. Na zaci abin da ke jikinai shina jikina. Wallahi na zaci in akwai ciwon, zinariyarki za ta gane shi ko ta wajena.”

Ya zauna a bakin kwalbati ya rufe fuska da hannuwa. Na zo da niyyar in wanke shi tas, amma na kasa. Ba mugunta ya yi ba. Wansa ya roƙe shi, shi kuma tun yana yaro bai taɓa ce wa wansa a'a ba.

Na koma Sakkwato ban gaya wa kowa ba. Amma Baffa ya riga ya sanar da Baba cewa na gane. Bayan kwana biyu, da azahar, Inna ta fita alwala, muka rage mu biyu a ɗakin. Ina durƙushe ina juye jakar sai na ji muryarsa daga ƙarƙashin zane, yana yi wa bango magana.

“Shekara hamsin ina buɗe cikin shanu. Na san ƙodar da tag gama aiki, hwara-hwara, ta motse. Na yi zaton tau ma ta kusa, amma nic ce wataƙila shi wuce.”

Ya numfasa.

“A gaya ma wagga aikinta bai yi ƙarya ba. Ni niy yi. Sani ko ba shi da laihi, ni nis sa shi. In Murtala ya ji, ba ya ƙara duban baffanai, gida ya rabe, sana'a ta rabe. Kada a ji, muddin Sani na da rai.”

Na ce wa bangon, “An ji, Baba. Ba za a ji ba.” Iyakar hirar da muka taɓa yi ni da ubana ke nan, kuma ko a ita ba mu dubi juna ba. An yi masa wankin ƙoda sau huɗu, jikin bai ɗauka ba. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi.

Abin da alkawarin ya ci mini kun ga wani da idonku. Shekara goma sha ɗaya tsakanina da kawunku Murtala sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Ya hana 'ya'yansa kwana a gidanmu, ku kuma kuka daina zuwa nasa, alhali tare kuka yi rarrafe. Magana ta bazu a gari cewa fitilar Malama ba ta gani, waɗanda suka yi alkawarin ba ni fitsari don gwaji suka janye ɗaya bayan ɗaya, sai a wani gari na ƙarasa aikin. Na je na gaya wa malamina na yi abin da ya hana, na auna ɗan uwa na kuma yanke masa hukunci. Bai zage ni ba, ya ce in cire wannan layin daga lissafi, sannan ya yi wata guda ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Daga nan na sa doka a aikina: ba dangi ne zai karɓi kwalba ba, namiji ya karɓi ta namiji, mace ta mace, kuma a wurin za a bayar a wurin za a rubuta suna. Na gama karatun, amma awon bai kai Damaga a hannuna ba. Har yanzu wasu na kan aikin, ina yi musu fatan alheri. Baffa Sani kuwa duk Juma'a sai ya kawo mini nama, bai taɓa yarda ya sha ko ruwa a gidana ba. Sau biyu yana shirin tara dangi ya faɗi gaskiya, sau biyu ina hana shi, don ba shi aka ɗora wa amanar ba, ni aka ɗora wa.

Kada ku karanta wannan ku ce ashe uwarmu fes take. Ruwan zinare ya faɗi gaskiyar abin da aka ba shi, ni ce ban faɗi gaskiyar abin da na sani ba. Na ji ɗumin kwalba na kawar da kai. Na san gwaji ne ba awo ba, na tsaya a tsakar gida na yi magana kamar likita. Ko da fitsarin na Baba ne, ban da ikon hana waccan tafiya ta Alhamis. Murtala ya fi ni gaskiya a ranar, da ƙaramin karatunsa. Ku kai masa waɗannan shafuka ku karanta masa, idonsa ya yi rauni yanzu. Ku gaya masa na ce ya fi ni gaskiya, kada kuma ku tsaya jiran amsa.

Saura abu ɗaya. Bara da damina na ga takalmina ya fara matse ni. Ban tsaya yi wa kaina awo ba, na ce a kai ni asibiti, babbanku, ɗan farina, shi ne ya ɗauke ni a motarsa. Aka ba ni 'yar kwalba mai jan murfi, na zaga na dawo. Ɗakin awon yana can ƙarshen baranda, layi ya yi tsawo, gwiwata kuma ta ƙi. Ya miƙo hannu ya ce, “Mama, kawo in kai.” Sai na ga hannuna ya shige cikin hijabi da kwalbar, ba da izinina ba. Na tsaya ina waige ko zan ga wata mace, ko wata ma'aikaciya, kowa dai ban da shi. Ni da na binne uba a kan wannan abu, ni da na yi shekara goma ina jin haushinsa a ɓoye, ga ni tsaye ina yin abin da ya yi. A wurin na yafe wa Baba har zuciyata, don sai ranar na san nauyin abin da na aika masa.

Na fito da ita na sa masa a hannu. Da ɗuminta. Ya karɓa ya tafi abinsa, ko a jikinsa. An ga ciwon da wuri, ina shan magani, likita ya ce in na kiyaye akwai sauran tafiya.

Wannan ɗan farin nawa shekararsa arba'in da ɗaya ban taɓa kiran sunansa ba, “babbanku” nake cewa, ko “wancan”. Na gwada da baki ya ƙi fita, to bari in fara da alƙalami. Abdurrahman, na gode da ka kai mini kwalbar.